Tautaun Teku da Gonar Gwaggo Hassu

Tun da na dawo daga Kwatano ban sake shan shayi a majalisa cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce yaya teku take, wancan ya ce da gaske ne ba a hango ƙarshenta. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya tashi daga wurina sai ya ƙara wa labarin gishiri, har wani a kasuwar Tsarnawa ya rantse cewa kifi ya haɗiye ni ya amayo. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, gabas kaɗan da Tsarnawa, abin da yara ke kira mushe da Faransancinsu. Bakina ne ya jawo mini tafiyar. Wata rana na ci karo da wani tsohon littafin Faransanci a ƙasan akwatin lakwal, gara ta cinye bayansa, na karanta labarin wata halitta ta teku mai kama da gizo-gizo, wanda mu nan muke kira tautau. Abin ya burge ni, na faɗa wa 'yan ajina. Na ce musu jikinta siriri ne ƙwarai, bai isa ya ɗauki hanjinta ba, sai hanjin ya bi ta cikin ƙafafu. Na ce in macen ta saki ƙwai, namijin ke tattarawa ya goya. Na ce ɗanta kuwa kusan kai kaɗai ake ƙyanƙyashe shi, ƙafafun tafiya daga baya suke tsirowa bibbiyu. Kafin magariba gari ya ɗauka. Hanjin ƙafa bai dami kowa ba, goyon namiji ne ya ƙona wa maza rai, kamar na ce daga gobe su ɗaura zane. Daga ranar sunana ya koma Mushe Tautau, ni kuwa ina dariya tare da su.

Dariyar ta ƙare ne a zauren maigari. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hassu, wadda ta raine ni, mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya, ita take ci da ita. Layin gamba ne iyakarta da gonar maƙwabcinta Alhaji Illo. Ruwan wata damina ya yanko ƙorama ya tafi da gambar, sai Alhaji ya wayi gari ya tuna cewa iyakar tana can cikin gonar Gwaggo, bayan fadamar da take samun dawa. Ina saurayi aka dasa gambar nan, ni na riƙe igiya, don haka Gwaggo ta kai ni shaida. Ban gama magana ba Alhaji Illo ya gyara zama.

“Ranka shi daɗe, shaidar wanga za a ɗauka? Mutumen da ka hwaɗa ma ɗiyanmu namiji ka goyo, hanji na cikin ƙahwa? Yau ya ce gamba nan take, gobe shi ce rijiyarmu teku ta.”

Zaure ya kwashe da dariya. Maigari ya share hawaye ya ce, “To Mushe, kawo muna tautaun naka. In munka gan shi da idonmu, mu amshi shaidarka.” Ya ɗage zaman zuwa gab da shuka. Yanzu na san wasa yake yi. A lokacin raina ya ɓaci har ba na gani sosai, na ce wallahi sai na kawo. Hutun tsakiyar bazara na zuwa na ɗaure jaka. Gwaggo ta soma wata magana a bakin ƙofa, na ce mata ta bar komai a hannuna.

Daga Birnin Konni na samu wuri a gaban wata babbar motar albasa mai zuwa kudu. Direban, Sanda, mutumin Malbaza ne, kuma labarina ya riga ni shiga motarsa. Muna barin tasha ya tambaye ni ko tautaun nan yana yi wa ɗan nasa tawai. Haka ya riƙa yi mini har Dosso. Motar kuwa ba ta da abin da ba ya ƙara sai oda. Duk gangare sai ya kashe inji don tattalin mai, ya ce in yi salati. Rana ta dafa albasar, warin ya shiga rigata da takarduna, har a masallacin Gaya mutumin da ke kusa da ni a sahu ya matsa.

A iyaka, kafin gadar Kwara, wani mai kaki ya karɓi katina ya tambayi dalilin tafiya. Ni da na fito wanke kaina daga ƙarya ba zan fara da ƙarya ba, na ce masa neman gizo-gizo za ni. Ya ɗago kai ya dube ni, ya kira abokan aikinsa biyu, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ɗaya ya ce akwai su da yawa a rufin buronsu, wato ofishinsu, in ina so, ba sai na wahala ba. Da suka gama nishaɗi, na farkon ya ce takardarsa ba ta da gurbin wannan, sai ya rubuta ziyarar dangi. Sanda ya ce ai bai yi ƙarya ba.

A Paraku muka rabu da Sanda na shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwata. Wata mata ta ɗora kwandon kaji a kan ƙafafuna ba ko sannu, ta ciro abinci ta hau ci. Na gaishe da mutumin da ke gefena irin gaisuwarmu, na tambayi gida, na tambayi iyali, na tambayi gajiya. Kafin in kai ga tambayar ruwan sama ya dafe aljihunsa ya juya mini baya, don a wurinsu mai doguwar gaisuwa roƙo ya kawo shi. Kowace tasha mata ne ke rufe tagogi da kaya a ka, su ne ciniki, su ne faɗa, mazan suna inuwa. Nan dai ban ga bambanci mai yawa da majalisarmu ba. Na sayi wani farin dunƙule a naɗe cikin ganye, akasa suke ce masa, na zaci ɗan'uwan fura ne na tambayi nono. Mai sayarwar ta zuba mini wani jan yaji a kai. Loma biyu na yi, na kwashe tasha uku ina tsiyayar hawaye, mai kaji tana kallona tana girgiza kai.

A Kwatano na sauka Zango, gidan wani mai masauki, Alhaji Bawa, mutumin wajen Madawa da ya tsufa a can. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni tabarma a ɗakin 'yan albasa. Garin jiƙe yake ko ba a yi ruwa ba. A gida in ka wanke riga, kafin ka gama alwala ta bushe. A can na shanya tawa kwana biyu, na ɗauke ta da danshinta da sabon wari. 'Yan kabu-kabunsu kuwa, namu na Konni almajiran tuƙi ne a gabansu. Na tambayi Alhaji Bawa labarin teku, ya ce shekarunsa nawa a garin bai taɓa sa mata ƙafa ba, ruwan da ba a sha, ba a ban-ruwa da shi, me zai kai shi. Da na je na gan ta, gaskiya gabana ya faɗi. Na tsaya nesa, kusa da mai sayar da kwakwa.

Washegari na shiga kasuwar kifi da Faransancina na lakwal, wanda nake taƙama da shi a gida. Na ce arenye-da-mer nake nema, sunan da littafin ya kira abin. Matan suka tura ni wurin wata, ita ma ta tura ni wurin wata, kwana biyu ina yawo. A na uku wata ta ce ta gane, ta zura hannu cikin daro ta ciro mini wata ƙaguwa mai ƙaya a baya da dogayen ƙafafu, girmanta ya kai faifai. Na miƙa hannu in ƙirga ƙafafun, ta kama mini babban yatsa. Ihun da na yi ya tara kasuwa. Wani kuku da ke dafa wa Turawa abinci, ya zo cefane, shi ya ɓamɓare ta, shi kuma ya warware mini matsalar. Ashe Faransawa, da duk yawan kalmominsu, suna ɗaya suka raɗa wa halittu biyu: wannan ƙaguwar da suke ci, da ƙaramar abar da nake nema. Wanda bai taɓa ganin teku ba ina zai sani.

Na koma masauki da ƙaguwa da kumburarren yatsa. Alhaji Bawa ya juya ta ya duba, ya ce, “Mushe, ka samu abinka. Shanya ta ka kai musu. Wa as san ƙaguwar teku ƙauyenku? Ga ƙahwahu, ga ban tsoro. Maigari na ganin wagga ya ba ka gaskiya.” Ba zan ɓoye ba, na yini ina tunanin shawarar nan, kuma na san za ta ci. Amma in na yi haka Alhaji Illo ya yi gaskiya ke nan a kaina. Na ba matan gidan ita, suka ce su ma ba sa ci, aka ba maƙwabta.

Kukun nan ne ya kwatanta mini wani ƙaramin buro na masu binciken kifi kusa da tashar jiragen ruwa. Na tarar da shi kusan kango, Turawan da suka yi aiki a ciki sun tafi, sun bar kwalabe jere da wata dattijuwa, Madam Selestin, wadda ta shekara da shekaru tana wanke musu kwalaben har ta fi su sanin abin da ke ciki. Na zayyana mata komai, tun daga littafi har gamba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko a ƙasarmu babu wani tsoho da ya san iyakar gonar, sai an zo teku neman shaida. Na ce mata ba ta san mutanenmu ba. Ta ce haka ne, amma ta san maza.

Da safe, da ruwa ya janye, ta kai ni kan duwatsun da aka jibge don tare igiyar ruwa. Ita da shekarunta tana taka su kamar tsakar gidanta, ni ina rarrafe, wando a naɗe, ina karanta duk addu'ar da na sani. Igiyar ruwa ɗaya ta zo ta tafi da takalmina na hagu. Ta ba ni wuƙa ta ce in kankaro wani abu mai kama da gashin masara da ke manne a jikin dutse. Na ce ciyawa ce. Ta ce dabba ce, kuma ita tautaun ke tsotsa. A nan na ji abin da mutanen ƙauyenmu suka ji ranar da yaransu suka koma gida da labarina.

A buro ta zuba abin a faranti, ta daɗe tana tonawa da tsinke, sannan ta tura shi ƙarƙashin madubin ƙara girma irin na likita ta ce in duba. Da ido ƙwayar gero ce da zare takwas. A cikin madubi kuwa ga shi nan duka, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Jikin ba komai ba ne, mahaɗar ƙafafu ce kawai, sai dogon baki kamar bututu da wani ɗan tudu a ka mai ɗauke da idanu huɗu. Cikin kowace ƙafa na ga wani zare mai duhu yana motsi, yana tura abinci gaba yana dawo da shi. Hanjin ke nan. Madam ta ce ba shi da huhu, ba shi da abin numfashi irin na kifi, ta fata yake shan iska. Ta juya shi da tsinke, sai ga wasu ƙananan ƙafafu biyu a lanƙwashe ƙarƙashin ƙirji, ba na tafiya ba, riƙe da dunƙulen ƙwai fari. Ta ce namiji ne, macen ta ba shi ta kama gabanta.

Wasu ƙwan sun riga sun fashe, 'ya'yan na maƙale da uban. Kowane ɗan dunƙule ne, baki da 'yan gaɓoɓi shida gajeru, biyu na gaba masu kama da hantsaki, babu ƙafar tafiya ko ɗaya. Ta ce in sun saki uban sai su manne wa wannan gashin masarar suna tsotsa, suna saɓa, ƙafafu na tsirowa daga baya bibbiyu har su cika takwas. Ta ciro wata tsohuwar kwalba ta nuna mini mai huɗu, da mai shida. Na tsaya a kan madubin nan har wuyana ya ƙage. Daɗi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har da ƙwalla, kuma in faɗi gaskiya ko sau ɗaya gonar Gwaggo ba ta faɗo mini a rai ba.

Saura kai shi gida. Madam ta ce a ruwan teku kwana ɗaya zai ruɓe, a bushe kuma zai murƙushe. Maganin da ake jiƙa su a ciki ya ƙare musu tun tafiyar Turawa, da sodabi take aiki, wato barasar da suke tatsa daga giyar kwakwar manja. Na ce ni Musulmi ne. Ta ce ai ba ni za ta jiƙa ba. Na yi wa kaina fatawa a tsaye, na ce lalura ce, ta sa namijin da 'ya'yansa a 'yar kwalba ta toshe bakin da kakin kyandir, ta ƙara mini da wani tsohon gilashin ƙara girma na hannu. Na dawo da kwalbar cikin safa, da takalmin roba da na saya a Zango, ban gaya wa kowa abin da ke cikinta ba.

Ranar zama zauren maigari ya cika har waje. Na ciro kwalbar ina ji da kaina. Aka miƙa wa maigari, ya kai ta kusa da ido, ya kai ta nesa, ya ce shi dai ruwa yake gani da ɗan datti. Kwalbar ta zaga hannun dattawa, kowa ya ce haka. Gilashin hannun bai kama komai ta jikin kwalba ba. Wani ya ce in dai wannan ne, akwai manyansa a bayan rumbunsa. Zuciya ta ɗebe ni, na fasa kakin na juye a farantin shayi, na ɗora gilashi a kai.

Maigari ya duƙa ya daɗe. Ya ƙirga ƙafafu, ya ga ƙwan, ya ga 'ya'yan, ya ce lalle ikon Allah ya wuce da nan. Liman ya duba ya yi tasbihi. Na soma jin kaina yana taɓa rufin zaure. Sai Alhaji Illo ya ɗaga hanci ya shaƙa sau biyu.

“Ranka shi daɗe, mi ka wari haka? Wanga ruwan ba ruwa na ba. Giya ta.”

Yadda aka yi Alhaji ya riga kowa gane warin, ban samu damar tambaya ba. Maigari ya tambaye ni, ni kuwa da na ƙi ƙaguwa saboda gaskiya ba zan musa ba, na ce barasa ce, amma don kada abin ya ruɓe. Liman ya goge yatsunsa a buzu ya matsa baya. Aka aika a kawo ruwa a wanke farantin, aka ce a fasa shi ma. Babu wanda ya ƙara cewa na yi ƙarya a kan tautau. Abin da aka ce shi ne, mutumin da ya ratso ƙasa biyu da giya cikin safarsa, ya zo ya juye ta a zauren maigari gaban liman, ba a kafa hukunci da bakinsa. Da babu wani mai shaida, aka ba Alhaji rantsuwa, ya rantse, fadamar ta zama tasa.

Da la'asar na tafi gidan Gwaggo. Na same ta tana gyaran irin dawa, wanda yanzu ba ta da inda za ta shuka shi. Na soma ba ta haƙuri, ina zagin Alhaji, ina zagin jahilcin gari. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ranar da zan tafi, maganar da ta soma a bakin ƙofa ita ce in je Alela in ɗauko wani tsohon makiyayi da ya yi shekaru yana sauka da shanunsa a gonar bayan girbi, ya san iyakar kamar tafin hannunsa, kuma maigari na jin maganarsa. Tafiyar yini ɗaya ce. Ta aika daga baya, aka ce ya yi ƙaura da dabbobinsa cikin makon da nake Kwatano, ba a san inda ya nufa ba.

Na ce, “Gwaggo, don mi ba ki tsai da ni ba?”

Ba ta ɗago kai daga faifan ba. “Ka ce in bar komi hannunka. Kuma na ga ba gonata ka tahi nema ba, sunanka ka tahi wankewa. To, ya wanku?”

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko a zauren maigari. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na jawo ɗaya faifan, muka ci gaba da tsince dawar.